Mun doke Amurka, to yaya aka yi babu mu a gasar duniya?

Ɗan Sabon Gari: Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san a nan akwai manyanmu da suka san ƙwallon kwando ciki da bai. A watan Yulin 2021 da idona na kalli D'Tigers, tawagar maza ta Najeriya, sun doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas. Tsakar dare ne, mu huɗu muka haɗa kai a kan waya ɗaya a ƙofar gida, data na ƙarewa muna sake sayowa. Amurka fa, ga Kevin Durant ga Damian Lillard a cikin fili. Bayan shekara biyu aka yi gasar cin kofin duniya a Filifin da Japan da Indunusiya, na bi jerin ƙasashe 32 daga sama har ƙasa, babu Najeriya. Amma ga Cape Verde, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. Wai wa yake zaɓar ƙasashen nan? Kuma da me ake aunawa?

Malam Koci: Wa alaikumus salam ƙanena. Wasan da ka hana idonka barci a kansa na sada zumunta ne, na gwada ƙarfi kafin Olamfik ta Tokyo. Ni ma na kalla, har sai da na tashi iyali da ihu. Amma ba ya cikin lissafin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, na neman gurbi, ko maki ɗaya bai kawo mana ba. Babu kuma mai zaɓar kowa. Kujeru 32 ne, an raba su nahiya-nahiya: Turai 12, nahiyar Amurka 7, Asiya haɗe da su Ostireliya 7, Afirka 5, sai mai masaukin baƙi. Biyar ɗin nan tamu ita ake kokawa a kai. Ƙasashe 16 ne ke shiga, a kasa su rukuni huɗu, huɗu-huɗu. Kowa ya kara da kowa sau biyu, a zubar da ta ƙarshe a kowane rukuni, saura 12. Sai a haɗe su rukuni biyu, shida-shida. Ta ɗaya da ta biyu a kowane ɓangare sun wuce, huɗu ke nan, ta biyar kuma ita ce wadda ta fi ƙoƙari a cikin na ukun biyu. A neman gurbin 2023 mu na huɗu muka zo a rukuninmu, bayan Kwaddibuwa da Angola da Cape Verde. Cape Verde ce ta ɗauki kujerar ta biyar.

Malamin Lissafi: Malam, bari in ƙara wani abu da mutane ke mantawa. Idan an shiga zagaye na biyu ba a goge allo. Duk abin da ka samu a zagayen farko, da shi za ka taho. Nasara maki biyu, rashin nasara maki ɗaya, wanda ya ƙi fitowa fili kuma sifiri, a rubuta masa 20 da 0. Idan ƙasa biyu suka yi kunnen doki a maki, abin da ake fara dubawa shi ne wa ya ci wa da suka haɗu. To Cape Verde ta doke mu sau biyu tun a zagayen farko, ɗaya a Angola a Nuwamban 2021, ɗaya a Kigali a Yulin 2022. Wasannin nan biyu su muka yi ta ja a baya har Fabrairun 2023.

Ɗan Sabon Gari: To ina su Gabe Vincent da Precious Achiuwa suke a lokacin? Wallahi in da mutanen Las Vegas ɗin nan ne, ban ga yadda za a yi Cape Verde ta sha ba.

Dogon Ƙofar Mata: Yauwa, ka zo inda nake jira. Nan ne zaluncin yake. Tun Nuwamban 2017 FIBA ta kawo tsarin da ake buga share fagen zango-zango: a yi a Nuwamba, a yi a Fabrairu, a yi lokacin damina, a sake komawa Nuwamba da Fabrairu. NBA kuwa, babban lig ɗin Amurka, tana farawa a Oktoba, ba ta ƙarewa sai Yuni, kuma ba ta tsayar da wasa saboda kowa. A ƙwallon ƙafa idan lokacin wasan ƙasa ya zo, dole kulob ya saki ɗan wasa. A kwando babu wanda ya isa ya tilasta wa NBA. Ƙasar da ta fi kowa 'yan NBA a Afirka ita aka ɗaure wa hannu ta baya, sannan aka ce ta shiga dambe. Mun je Tokyo da 'yan NBA takwas. A zangon Nuwamba ko ɗaya ba za ka gani ba.

Malam Koci: Dogo, gaskiya ne ba sa zuwa, ba na musun wannan. Amma dokar ba don mu kaɗai aka yi ta ba. Amurka kanta da 'yan G League, ƙaramin lig ɗin NBA, take buga share fage, Jeff Van Gundy ne ya ja su suka samo gurbin 2019, manyan sai da gasar ta zo suka bayyana. Sulobeniya ta ci kofin Turai a 2017 da Luka Dončić da Goran Dragić, amma ba ta je gasar duniya ta 2019 ba. Ajantina ta buga wasan ƙarshe a 2019, sai ga shi a Fabrairun 2023 Jamhuriyar Dominika ta zo har gida ta hana ta gurbi. Bulalar kowa ta taɓa.

Dogon Ƙofar Mata: Ai misalan naka ni suke goya wa baya, Malam. Tsarin da zai bar zakaran Turai a gida yana kallo a talabijin, wane irin tsari ne? Gasar duniya ai ta gwanaye ce. Da can AfroBasket, gasar kofin Afirka, ce ke ba da tikiti. A tara kowa wuri ɗaya lokacin hutun NBA, mako biyu, kowa ya zo da ƙarfinsa, wanda ya fi ya wuce. Haka muka yi a Tunisiya a 2015, muka doke Angola 74 da 65 a wasan ƙarshe, kofinmu na farko, kuma shi ya kai mu Olamfik ta Rio kai tsaye. Me ya yi zafi aka rushe wannan?

Malam Koci: Zan faɗa maka abin da na gani da idona a matsayin mai koyar da yara. A tsohon tsari, tawagar ƙasa sau ɗaya take haɗuwa a shekara biyu. A kira mutane daga waje, su yi sansani, su buga, su watse. Yaron da ke buga wasa a Kano ko Zariya ko Gombe ba shi da wata ƙofa ta sa rigar ƙasa, don gurbi 12 ne kuma duk an cike su tun daga filin jirgi. Yanzu da ake buƙatar tawaga a Nuwamba da Fabrairu, dole a waiwayi na gida da waɗanda ke ƙananan lig-lig na Turai. Ina da yaro a filinmu, filin siminti ne, zoben ma babu raga, mu muke ɗaura igiya. Da na ce masa akwai watannin da manyan ba sa zuwa, sai an nemi irinsa, ka ga yadda idonsa ya buɗe? Tun ranar bai sake makara ba.

Kuma ka tuna a tsohon tsarin kujera uku kacal Afirka take da ita cikin 24. A 2014 Angola da Masar da Senegal ne suka je. Har da wasu kujeru huɗu da FIBA ke bayarwa ga wanda ta ga dama, ta ba Girka da Turkiyya da Barazil da Finland. Abin da Ɗan Sabon Gari yake zargi, wato a zauna a ofis a zaɓa, a wancan zamanin ne ake yin sa. Yanzu an daina.

Dogon Ƙofar Mata: Ƙarin kujeru daban, zango daban. Ana iya ba mu biyar ɗin a bar mu da AfroBasket.

Malam Koci: Ana iyawa. Ban ce tsarin ba shi da aibu ba. Babban aibunsa a wurina ma wani ne: a Turai da nahiyar Amurka gida da waje ake bugawa, magoya baya su ga tawagarsu a garinsu. Mu a Afirka saboda tsadar tafiya sai a tara rukuni gaba ɗaya a gari guda, a buga wasa uku cikin kwana uku. Ɗan wasa ya sauka daga jirgi Laraba, ya buga Juma'a da Asabar da Lahadi. Wanda ya zo da tawagar da ta san juna shi ke cin riba. Wanda ya tattaro mutane a otal, suna tambayar juna suna, ya sha wuya.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ina biye da ku daga nan Nijar. Malam, 16 ɗin da kake faɗa, ta ina ake shiga cikinsu? Mu ban taɓa ganin sunanmu a jerin ba.

Malam Koci: Barka da zuwa ɗan'uwa. Ƙasashe 16 da suka samu zuwa AfroBasket su ne ke shiga neman gurbin gasar duniya. Ka ga ke nan AfroBasket ba ta mutu ba, ta koma ƙofar farko, kuma yanzu duk shekara huɗu ake yin ta: 2017, 2021, 2025. Ita ma tana da nata share fagen. FIBA ta kasa Afirka shiyya bakwai, Nijar tana shiyya ta uku tare da Najeriya da Ghana da Benin da Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa. Ƙasar da ba ta cikin manya sai ta fara daga wasannin shiyya, in ta tsallake ta shiga cikin 20 da ake tacewa zuwa 16. Tsani ne mai hawa uku kafin a ga ƙofar gasar duniya, kuma kowane hawa kuɗin jirgi ne da na masauki.

Ɗan Damagaram: Na gode Malam. Tafiyar da nisa ashe.

Maman Biyu: Da nisa, amma an yi ta a gabanmu. Ina mamakin yadda aka yi ta magana har yanzu babu wanda ya ambaci Sudan ta Kudu. Ƙasar da ta samu 'yanci a 2011, ba ta buga ko wasa ɗaya na share fagen a gida ba don ba ta da ɗakin wasan da ya cika sharaɗi. Wasa 12 ta buga, ta ci 11. A rukuninta aka bar Senegal da Tunisiya a gida, Tunisiya kuwa ita ke riƙe da kofin Afirka a lokacin, ta ci 2017 ta ci 2021. Yaya Dogo, su NBA ta tsayar musu da wasa ne?

Dogon Ƙofar Mata: Hajiya, ai su ba su dogara da 'yan NBA ba.

Maman Biyu: To ai maganar ke nan. Luol Deng ya gama NBA ya koma ya karɓi shugabancin hukumarsu, ya bi 'ya'yan 'yan gudun hijira a Ostireliya da Amurka da sauran wurare, ya tara waɗanda za su iya zuwa duk lokacin da aka kira. Kocinsu Royal Ivey yana aiki a NBA, to a zangon da ba zai samu zuwa ba Deng da kansa yake zama a benci. Fuskokin da ka gani a wannan zango su za ka gani a na gaba. Mu kuwa kowane zango sabuwar tawaga, wani lokacin har da sabon koci. Suka je gasar duniya suka fi duk ƙasashen Afirka matsayi, wannan ya ba su tikitin Olamfik ta Paris. Kafin a fara, a Landan, da maki ɗaya tak Amurka ta tsira daga hannunsu, 101 da 100.

Ɗan Sabon Gari: Anti, dakata. Wato gasar duniya ce kuma ke ba da tikitin Olamfik?

Malamin Lissafi: Ita ce babbar hanya. Olamfik ƙasa 12 ce kawai. Mai masauki ɗaya. Bakwai daga gasar duniya: biyu da suka fi a Turai, biyu a nahiyar Amurka, ɗaya a Afirka, ɗaya a Asiya, ɗaya a yankin Ostireliya. Ba sai ka ci kofi ba, ka dai fi 'yan nahiyarka. Mu a 2019 a Chaina na 17 muka zo, amma da yake mun fi Tunisiya da Angola da Senegal da Kwaddibuwa, muka samu Tokyo. Wasan da ya tabbatar mana shi ne wanda muka doke Chaina a gidanta. Sauran kujeru huɗu kuma ana yin wasu gasanni huɗu ana gab da Olamfik, ƙasa shida a kowacce, zakara kaɗai ke wucewa. A 2024 Sifaniya da Girka da Barazil da Puerto Rico ne suka bi ta nan. Ka duba fa, Giannis na Girka da Dončić na Sulobeniya a gasa ɗaya suka haɗu a Girka, dole ɗaya ya zauna a gida, Dončić ne ya zauna.

Saboda haka rashin zuwa gasar 2023 asara biyu ce. An ba mu wata 'yar ƙofa ta baya, gasar share fagen share fage da aka yi a Legas a Agustan 2023, a gidanmu, Kamaru ta zo ta cinye.

Malam Koci: Ƙofar bayan nan mun taɓa shiga ta cikinta, shi ya sa ta Legas ta yi mini ciwo. A 2012 a Karakas ta Benezuwela, ƙarƙashin Ayo Bakare, da su Ike Diogu da Al-Farouq Aminu, muka doke Lituweniya, muka fitar da Girka da maki ɗaya, Rasha ta tare mu, muka dawo muka doke Jamhuriyar Dominika muka karɓi tikitin ƙarshe. Zuwanmu Olamfik na farko ke nan. A Landan Amurka ta yi mana 156 da 73. Shi ya sa daren Las Vegas ya yi wa irinmu daɗin da ku yara ba za ku gane zurfinsa ba.

Dogon Ƙofar Mata: Na yarda Sudan ta Kudu ta yi abin a yaba. Amma Malam, kai kana cewa a gina lig na gida, Hajiya tana cewa a tara na waje masu zuwa kullum. Wanne ne? Tunisiya tana da lig mai ƙarfi, Monastir ta ci BAL, gasar kulob-kulob ta Afirka, a 2022, ga shi ba ta je ba.

Malam Koci: Kowanne ka ɗauka yana aiki in an riƙe shi. Angola da Masar da 'yan gida suke cin share fage, su Petro de Luanda da Al Ahly da Zamalek, mutanen da ke buga wasa tare duk mako. Tunisiya kuma manyanta ne suka tsufa lokaci guda. Mu matsalarmu ba mu riƙe ko ɗaya ba. Tun 2017 da aka yi zaɓen hukumar ƙwallon kwando kashi biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, lig ɗin maza ya yi shekaru yana tangal-tangal, ana kotu ana fita. Ku da kuke Kano kun san yadda ɗakin wasa na Ƙofar Mata yake cika idan Kano Pillars na wasa a da. Ɗan wasan da ya yi wata da watanni bai buga gasa ta gaske ba, ba za ka ɗauko shi ranar Laraba ka ce ya tare Edy Tavares, ɗan Cape Verde na Real Madrid, ranar Juma'a ba.

Maman Biyu: Rigimar nan mata ta fi cuta, kuma su ne ba su da laifin komai. A Fabrairun 2022 D'Tigress, tawagarmu ta mata, suka je Belgrade suka doke Faransa, suka doke Mali, suka samu gurbin gasar duniya ta Sydney da guminsu. A watan Mayu gwamnati ta ce ta janye Najeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekara biyu saboda rikicin shugabanci. FIBA ta ɗauki kujerar ta ba Mali, wadda muka doke. Da aka janye matakin a watan Yuni, bakin alƙalami ya riga ya bushe. 'Yan biyuna mata ne, duka suna buga kwando a makaranta. Hassana ta manna hoton tawagar a bangon ɗakinsu, ta zo tana tambayata, "Mama, ba sun ci ba?" Na rasa abin da zan ce mata. Sun ci ɗin.

Ɗan Sabon Gari: Subhanallahi. Wannan ban sani ba sam.

Maman Biyu: Kuma duk da haka ba su karaya ba. Tsarin mata ya ɗan bambanta, kofin nahiya yana da nauyi sosai a wurinsu, kuma nan ne suka fi ƙarfi: 2017, 2019, 2021, 2023, 2025, sau biyar a jere. Na Paris, a Antwerp ta Beljiyam aka yi share fagen a Fabrairun 2024, nasarar da suka yi kan Senegal ce ta ba su tikiti. Suka je da koci Rena Wakama suka doke Ostireliya da Kanada, suka kai kwata fainal, abin da babu wata tawagar kwando ta Afirka, maza ko mata, da ta taɓa yi a Olamfik. Kofin da suka ci a Abidjan a 2025 kuma shi ya ba su kujerar gasar duniya ta Berlin ta 2026 kai tsaye.

Dogon Ƙofar Mata: Kin gani ko, Hajiya? Inda kofin nahiya ke ba da tikiti, muna zuwa. Maganata ke nan tun ɗazu.

Maman Biyu: Suna zuwa ne don 'yan wasan nan dai su ake gani shekara da shekaru, Yaya. Ezinne Kalu da Promise Amukamara tun yaushe suke tare? Ko zango-zango aka mayar da nasu, za su ci.

Dogon Ƙofar Mata: Wannan kuma sai an gwada. Ni dai har yanzu ina kan bakana: gasar duniya da babu gwanaye a share fagenta an tauye ta. Amma na sallama cewa Cape Verde ba ta sace mana kujera ba, cin mu ta yi.

Ɗan Damagaram: Wata tambaya kafin a tashi. Tunda 'yan asalin Najeriya sun cika NBA, me zai hana a raba musu fasfo kawai a cika tawaga?

Malamin Lissafi: Akwai doka a kai. Wanda ya karɓi fasfon ƙasa bayan ya cika shekara 16, FIBA tana lissafa shi a matsayin wanda aka bai wa zama ɗan ƙasa, kuma mutum ɗaya tak irin wannan ake yarda a sa a tawaga, sai in an yi masa sassauci na musamman. Yaron da aka haifa a Houston ko Landan, in iyayensa ba su yi masa fasfo da wuri ba, zai iya faɗawa wannan layin. Wanda kuma ya riga ya buga wa babbar tawagar wata ƙasa, kusan ya tafi ke nan. Giannis na Girka ne, Bam Adebayo na Amurka. Kamaru ma haka ta rasa Joel Embiid, a Yawunde aka haife shi amma Amurka ya ci wa zinare a Paris.

Ɗan Sabon Gari: Na gode ƙwarai, manyana. To ta 2027 fa, a Katar ko? Kujera biyar ɗin dai?

Malam Koci: A Katar, kujera biyar, tsarin bai canza ba. Ka riƙa duba sakamakon Nuwamba da Fabrairu, ka rubuta sunayen waɗanda aka kira a wannan zangon, ka gwada da na zango mai zuwa ka ga mutum nawa suka dawo. Malamin Lissafi, in jadawali ya fito don Allah ka sako mana shi nan da lokutan Najeriya da Nijar. Ni zan sauka, gobe da asuba akwai atisaye, kuma sai na nemo igiyar zobe, ta jiya ta tsinke.

Malamin Lissafi: In sha Allahu, Malam. Zan haɗo da teburin maki.

Maman Biyu: A sako da na matan ma.